Komawa Yawunde da aikin intanet: amsa ga ɗan uwa a Istanbul

Wani ɗan uwa Bakano da ke zaune a Istanbul ya aiko da tambaya. Yana yi wa wani kamfanin Jamus aikin kwamfuta daga gida, ana biyansa yuro 1,000 a wata. Kuɗin haya ya yi masa nauyi, sabunta takardar zama kuma kullum sai ƙara wuya take yi. Mai ɗakinsa 'yar Garwa ce, tana da dangi a Yawunde, babban birnin Kamaru, suna da yara biyu ƙanana. Surukansa na ce masa ya dawo Yawunde, rayuwa da araha, ga Hausawa ko'ina. Yana so ya san ko gaskiya ne, kuma ko aikinsa zai yiwu a can.

Malam, aikinka zai yiwu a Yawunde, kuma ina ganin shawarar surukanka abin dubawa ce. Amma kada ka tafi saboda araha. Arahar da suke faɗa ta wanda ke cin abincin kasuwa ce, yana hawa tasi ta haɗaka, in an ɗauke wuta ya shimfiɗa tabarma a waje har a dawo da ita. Kai kuwa abincinka a jikin wuta da intanet yake, su biyun kuma sai ka saye su da kuɗinka kafin su tsaya maka.

Babban abin da garin zai ba ka shi ne kwanciyar hankali a kan kuɗi. Sefar Afirka ta Tsakiya a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya hawa ba ya sauka. Albashinka ke nan sefa 655,957 kowane wata, kafin banki ya cire nasa. Wanda ya zauna da lirar Turkiyya, ya kuma ga yadda naira ta yi a 2023 da 2024, ya san darajar mutum ya yi lissafin shekara guda lissafin ya tsaya. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kamaru ta ƙayyade a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni, ban da na gona, sefa 60,000 ne. Ka ga kana da kusan ninki goma sha ɗaya na wannan. Sai dai ka sani, dangi ma za su yi wannan lissafin, kuma zan dawo kansa.

Sai agogo. Lokacin Yawunde ɗaya ne da na Kano. Da hunturun Turai agogonka da na masu gidanka a Jamus daidai suke, da bazararsu su riga ka da awa ɗaya. Garin kuma a kan tuddai yake, kimanin mita 750 sama da teku, don haka zafinsa ba irin na Duwala ko Garwa ba ne. Fanka ta ishi yawancin mutane, wannan kuwa ragi ne babba a kuɗin wuta. Amma sauro na nan, zazzaɓin cizonsa ma na nan, yaran da aka haifa a Turkiyya kuwa jikinsu bai san shi ba. Gidan sauro da sanin asibitin da za a nufa cikin dare su zo tun makon farko.

Yanzu takardu, inda na fi so ka natsu. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin ƙungiyar CEMAC ne tare da Chadi da Gabon da Kongo Brazabil da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Mai fasfon Najeriya yana shiga ba biza har kwana 90, bisa yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, ba don ECOWAS ba. 'Yan uwa na Nijar da ke karanta wannan su lura, su sai da biza, wadda tun 2023 ta intanet ake nema. Kowa kuma sai da katin rigakafin shawara. Bayan kwana 90 sai takardar zama, wadda ake kira carte de séjour, hukumar 'yan sanda ke bayarwa, tana aiki shekara biyu. Babu wata biza ta musamman ga mai yi wa kamfanin waje aiki daga gida, don haka hujjar zamanka ita ce aurenka da kuma shaidar kana da abin riƙe kanka. Ka tanadi takardar aure ta hukuma, ba shaidar ɗaurin aure a masallaci kaɗai ba, da takardun haihuwar yara, da kwangilar aikinka, da bayanan banki na watannin baya. Abin da ke cikin Turkanci a fassara shi zuwa Faransanci ko Turanci wurin mai fassara da hukuma ta sani. Kuɗin katin yana canjawa, ka tambaya a ofishin da kansa, ka biya a inda ake ba da rasit. Ka kuma je ofishin jakadancin Najeriya da ke Yawunde ka yi rajista.

Akwai wani abu da za a kawo maka, kuma cikin ƙauna za a kawo shi. Wani zai ce, kai Bahaushe ne, matarka 'yar ƙasa ce, me zai sa ka biya kuɗin baƙo? A samo maka takardar haihuwa ta wani ƙauye a arewa, a yi maka katin ɗan ƙasa, shi ke nan. Don Allah kada ka yarda. Laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, kuma kai ba mai tallan goro ba ne da zai ɓace cikin kasuwa. Sunanka na kan kwangila a Jamus, na kan fasfo, zanen yatsunka na Turkiyya. Ranar da bayanan suka ci karo, aikin da takardun duka za su tafi tare. Haka kuma dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda babban mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Auren baƙo bai raba mai ɗakinka da ƙasarta ba, amma in ta nemi zama 'yar Najeriya da kanta tana iya rasa ta Kamaru. Kada ku taɓa wannan sai kun zauna da lauya, haka ma batun yaran.

Kamfaninka kuma ka gaya musu kafin ka ɗaga. Wasu kwangilolin sun ƙayyade ƙasashen da za a yi aiki daga cikinsu, saboda haraji da tsaron bayanai, kuma suna ganin inda kwamfutarka ke shiga intanet. Wanda ya wuce kwana 183 a ƙasa cikin shekara, galibi hukumar harajin ƙasar na ɗaukarsa nata ne. Zama ɗaya da akanta a Yawunde zai warware maka wannan.

Wuta. Yawancin wutar kudancin Kamaru daga madatsun kogin Sanaga take zuwa, Edea da Song Loulou, sai sabuwar ta Nachtigal mai megawat 420 da aka kammala a 2025. Ta fi abin da ka baro a Kano nesa ba kusa ba, amma ana ɗaukewa, kuma unguwa unguwa ce. Wani layin sai ya yi mako ba ko ƙyaftawa, na bayansa taransifoma ta lalace a kwana uku a duhu. Ba ka buƙatar janareta mai ƙara. Inbata da batir da za su riƙe kwamfuta da na'urar intanet da fitila da fanka na yini guda sun isa, sai na'urar daidaita ƙarfin wuta, domin dawowarta da ƙarfi ita ke ƙona kaya. Wannan kuɗin ka ware shi tun kafin ka sayi kujerun falo.

Intanet ma haka. MTN da Orange su ne manya a wayar hannu, Camtel ta gwamnati ita ke riƙe da babbar wayar faiba ta ƙasar. Ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, kullum da data a cikinsu, in kuma faiba ta iso layinku ka ja ta zama ta uku. Ko da haka akwai ranar da duk za su yi rauni tare. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Kamaru na cikin ƙasashen da suka ji a jika. A 2017 kuma gwamnati ta yanke intanet a yankuna biyu masu amfani da Turanci har wajen wata uku. Yawunde ba ta ciki, amma ya kamata mai irin aikinka ya san an taɓa yi. Kada ka sayo na'urar Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ka sa a jaka ba tare da ka bincika ba, domin a 2024 an ba jami'an kwastam umarnin kama su. In aikinka rubutu ne da kake miƙawa a ƙarshen yini, duk wannan ba zai kayar da kai ba. In kuwa kana amsa kiran abokan ciniki ne daga safe zuwa yamma, katsewar minti goma laifi ce, to ka yi tunani sau biyu.

Gida shi ne zai cinye kaso mafi girma. Bastos unguwar ofisoshin jakadanci ce, hayarta ba ta albashinka ba ce, ka manta da ita. Surukanka za su ja ka Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa, kuma zuciyarka za ta so. Da yamma hayaƙin masu tsire ya rufe titi, ga kilishi, ga teloli da masu shadda, kiran salla ta kowace kusurwa, Hausa da Fulatanci na tashi kamar kana Fagge. Amma unguwa ce mai cunkoso da hayaniya, lunguna matsattsu, samun ɗakin da za ka rufe ƙofa ka yi taro ta bidiyo ba sauƙi. Ni da zan zaɓa maka, sai in ce Tsinga ko kewayenta: kana kusa da babban masallacin da Saudiyya ta taimaka aka gina, kana kusa da dangi da mahauta, kasuwar Mokolo ba nisa, amma kana da shirun yin aiki. Essos da Biyem-Assi da Mendong ma unguwannin masu matsakaicin ƙarfi ne, sai dai cunkoson motoci safe da yamma.

Masu gida suna neman kuɗin watanni a gaba, da kuɗin ajiya, dillali ma da nasa. Kada hayar wata ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na albashinka. Kafin ka biya ko sisi, ka je gidan da ƙafarka sau biyu, ɗaya da rana ɗaya bayan isha'i. Ka shiga ainihin ɗakin da za ka ajiye tebur, ka rufe ƙofa, ka kira wani ta bidiyo da kowane layi na minti goma. Ka buɗe famfon banɗaki ka ga ko ruwa na hawa, ka tambaya ko akwai tanki ko rijiyar burtsatse. Ka duba mitar wuta, taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka, domin ta haɗaka rigima ce duk ƙarshen wata. Sannan ka tsaya wurin mai shagon bakin layi ka sayi wani abu, ka tambaye shi yaushe rabonsu da wuta ta kwana ba ta nan. Shi ba ruwansa da a ba ka haya ko a hana ka. Ka kuma dubi hanyar: gidan da ke ƙasan kwari, in damina ta kama, jan laka da ambaliya za su hana ka fita, damina kuwa biyu ce a shekara.

Sauran kashe-kashe da sauƙi in kun ci abin da ƙasar ke nomawa. Ayaba da rogo da gwaza da gyaɗa da ganye da 'ya'yan itace suna da yawa, shanu na gangarowa daga yankin Adamawa na Kamaru, naman halal ba wahala a unguwannin Musulmi. A wajen su kuwa ka riƙa tambaya, ana cin alade da naman daji sosai a kudu. Abin da ya tsallako teku, madarar yara da kayan kwamfuta da na manyan kantuna, yana da tsada, wani ma ya fi na Istanbul, don haka cajar kwamfuta ta biyu da makamantanta ka taho da su. A 2024 gwamnati ta sa litar fetur sefa 840, kujerar tasi da rana 350. Tasin ma sai ka koya: kana tsaye a bakin titi, mota ruwan ɗorawa ta rage gudu, ka faɗi inda za ka da abin da za ka biya, in direba ya yi hon ya yarda, in ya wuce ka jira ta gaba. Ka riƙe canji, ƙananan kuɗi na wahalar samu. Da Faransanci ake wannan duka, da shi ake ofis da asibiti, don haka ka fara koyo tun yau. Makarantu iri biyu ne, tsarin Faransanci da na Turanci. In kuna da niyyar yaran su ƙarasa karatu a Najeriya, ku sa su a na Turanci.

Kuɗi na shiga Kamaru da sauƙi, fitarsu ke da takardu. A ƙa'idar babban bankin yankin, BEAC, mazaunin ƙasa ba ya buɗe asusun yuro ko dala yadda ake yi a Najeriya. Abin da aka turo maka sefa zai zama. Saboda haka kada ka rufe hanyar da ake biyanka yanzu sai ka tabbatar da sabuwa, kuma kason mahaifiyarka a Kano ya fi sauƙi ya tafi kai tsaye daga waje, kada ya biyo ta Yawunde a canja shi sau biyu. Sefar nan kuma ba ita ce ta Nijar ba, darajarsu ɗaya amma takardar wannan ba ta sayayya a kasuwar waccan.

Batun dangi da na ce zan dawo kansa. A Istanbul buƙata ta waya take zuwa, a Yawunde sallama za ta yi a ƙofa. Mutane za su gan ka a gida da rana su ɗauka zaune kake, a aiko ka kai wannan asibiti, ka raka wancan tasha. Zumunci ne, kuma shi ne rabin dalilin komawar, yaranka su san kakanninsu su ji Hausa a titi. Amma ku zauna da mai ɗakinka tun yanzu ku yanke abin da za ku iya bayarwa a wata, ita kuma ta sanar da nata cewa daga ƙarfe tara zuwa biyar kana ofis ko da ofishin ɗakin baya ne. Daga bakinta zai fi daɗin ji.

Kano kuwa kusa take a taswira kawai. Ta ƙasa sai ka kwana a jirgin ƙasa zuwa Gaundare, ka hau mota zuwa Garwa, ka tsallaka jihar Adamawa, sannan ka kama hanyar gida, tafiyar kwanaki ce. Hanyar Ekok da Mamfe ta ratsa yankin da ake rikici tun 2016, ta Banki da Gamboru kuma ka san halin da ake ciki. Kada ka bi ko ɗaya da iyali sai ka ji daga wanda ya bi a makon.

Akwai jirgin Turkish Airlines daga Istanbul zuwa filin jirgin Nsimalen na Yawunde. Ka zo kai kaɗai tukuna, takardar zamanka ta Turkiyya na da sauran rai, ka kama ɗaki mai kaya na wata biyu, ka yi aikinka cikakke daga nan. Ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe da duk awar da wuta ko intanet suka tsayar da kai. In wata na biyu ya ƙare ba ka rasa taro ko ɗaya ba, kuma kashi ɗaya cikin biyar na albashin ya rage a hannunka bayan ka ƙiyasta kuɗin makaranta da na iyali, ka kama gida ka shigar da takardun zama kafin kwana 90 su cika, sannan ka aika su taho.