Me ya sa gyaran Yosiya bai ɗore ba?

'Yar'uwa, kin tambaya yadda aka yi Sarki Yosiya ya share gumaka daga Yahuza amma jama'a suka koma musu da ya mutu. Shekara da shekaru ina bi da 2 Sarakuna 22 da 23 a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma tambayar nan ta daɗe tana damuna.

A fara da lissafi. Manassa, kakan Yosiya, ya yi shekara 55 a kan gadon sarauta, har ya kafa gunkin Ashera a cikin Haikali. Wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu ne Hilkiya babban firist ya tsinci Littafin Shari'a, Shafan magatakarda ya karanta wa sarki, sarki ya kece tufafinsa. Ya rushe bagaden Betel, ya ƙazantar da Tofet inda ake ƙona yara, ya sa aka yi Idin Ƙetarewa. A 609 Fir'auna Neko ya kashe shi a Magiddo. Shekara 13 ke nan, a kan abin da mutane suka tsotsa a nono.

Amma abin da ya buɗe mini ido littafin annabi Irmiya ne. A 7:18 ya ce yara ke tara itace, iyaye maza su hura wuta, mata su kwaɓa gari su yi wa wata gunkiya da ake kira Sarauniyar Sama waina. Kin ga tsafin a murhu yake, inda dogaran sarki ba sa leƙawa. Na tuna wani dattijo a ikilisiyarmu da ya fito daga Maguzanci. Ya ƙona kayan tsafinsa a gaban kowa, da zuciya ɗaya. Bayan shekara biyu jikansa ya kwanta ciwo, sai ya zo mini da hawaye ya ce akwai laya guda da ya ɓoye a rumbu. Tsoro ne ya riƙe shi, kuma ban ga laifin hawayensa ba.

Irin tsoron nan ne a Irmiya 44. Waɗanda suka gudu Masar bayan faɗuwar Urushalima suka ce masa tun da suka daina ƙona wa Sarauniyar Sama turare suka rasa kome, yaƙi da yunwa suka cinye su. A ganinsu gyaran ne ya jawo masifar.

Ki haɗa da Irmiya 36, inda Yehoyakim, ɗan Yosiya na cikinsa, ya yayyanka littafin annabin da wuƙa yana jefawa a wuta, ko rigarsa bai taɓa ba, balle ya kece ta kamar yadda ubansa ya yi.