Sulallan tagulla na biranen Girka: yaya ake gane su, yaya ake adana su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon sulai na tagulla a intanet. Gabansa hoton sarkin Rum ne, amma rubutun na Girkanci ne. Na Rumawa ne ko na Girkawa? Kuma wani koren gari ya fara fitowa a gefensa. In goge shi da lemun tsami? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na duka biyun ne. Bayan Rumawa sun mamaye gabashin Bahar Rum, sun bar wa biranen Girkawa ikon buga ƙananan kuɗin tagulla na cefane. Birane fiye da 500 sun yi haka, tun zamanin sarkin Rum Augustus, wanda ya hau mulki a 27 kafin haihuwar Annabi Isa, har wajen shekara ta 275 bayan haihuwarsa. Iskandariya ta Masar ce ta kai kusan 296.

Ka fara da bayan sulan, domin nan sunan gari yake. ΕΦΕCΙΩΝ na nufin "na mutanen Afisa", birnin da ke yammacin Turkiyya ta yau, kuma sau da yawa za ka ga gunkiyarsu Artemis ko barewarta. A gaban sulan, AYT K da CEB laƙabin sarauta ne. Na Iskandariya suna da alama kamar L, sai harafin lamba: LΔ shekara ta 4 ke nan ta mulkin sarkin. Ka auna faɗinsa da nauyinsa. In dillali ya rubuta AE 25, yana nufin tagulla mai faɗin milimita 25. Da wannan sai ka duba RPC Online, kundin irin waɗannan sulallan na Jami'ar Oxford a intanet, kyauta ne.

Lemun tsami kuwa, kul! Shi da tsamiya da toka duk suna cinye fatar da shekaru suka yi wa sulan, kuma darajarsa a wannan fatar take. Kore mai tauri da santsi lafiya ne. Wanda ke zuba kamar gari in ka taɓa shi da tsinken sakace, ciwon tagulla ne: gishirin ƙasa da ya shige ƙarfen ya haɗu da danshi, yana ta huda shi. Ka ware shi, ka kankare garin da tsinke, ka jiƙa shi a tataccen ruwa na kantin magani, kana sauya ruwan duk kwana 2 ko 3 har makonni. Sannan ya bushe sarai, ka rufe shi a gwangwani da ƙullin silika mai shanye danshi, musamman da damina. Ledar PVC mai laushi ma tana jawo kore. Ambulan takarda marar asid ya fi.

Jabu na zubi yakan nuna layin haɗi a gefe da ƙananan ƙuraje. Amma ɗan rami a tsakiyar sulallan Markiyanopolis da Nikopolis, a Bulgeriya ta yau, daga maƙera yake, ba alamar jabu ba ne.

Nan gaba ka nemi takardar da ke nuna asalin sulan kafin ka biya, domin Turkiyya da Masar duk suna da dokokin 1983 da suka hana fitar da kayan tarihi.