Me ya hana a sake gina Bhaktapur da siminti?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun zanen gine-gine. Na ga hotunan birnin Bhaktapur na ƙasar Nepal bayan girgizar ƙasa, hankalina ya tashi. Mutane na kwana a gidajen jan bulo da aka ɗaure da laka. Ba ganganci ba ne a ƙi siminti da rodi saboda wai gadon kakanni?

Amsa: Ɗan'uwa, tsoronka yana kan hanya, domin girgizar 25 ga Afrilu 2015 ta kashe mutum kusan 9,000 a Nepal. Amma je ka duba haikalin Nyatapola da ke Bhaktapur, mai rufi hawa biyar, wanda Sarki Bhupatindra Malla ya gina a 1702. Girgizar 1934 ta same shi, ta 2015 ta same shi, yana nan tsaye. Maginan ƙabilar Newar, mutanen wannan yanki, sukan ratsa bango da katakon wani ice mai ƙarfi da ake kira sal, su ɗaure shi da turakun ice, har ginin ya iya yin lilo ya koma mazauninsa.

Maganar da na gaji da ji ita ce wai siminti maganin kowace cuta. Bangon laka numfashi yake yi, ya sha raɓa ya fitar. Da ka shafe shi da siminti, ka toshe masa hanci. Laima ta maƙale a ciki, gindin katako ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa sumul kamar sabo. Ɗora masa rufin kankare a sama kuma, ka aza wa tsoho buhun hatsi a ka. Mun ga irinsa a sorayen Kano da Zariya: shafen ya ɓantare, ƙasar ciki ta zama gari.

Gine-gine da dama da suka rushe, rashin kula ne ya fara cin su. Da can ƙungiyoyin gargajiya da ake kira guthi ke gyaran rufi da kuɗin amfanin gonakinsu. Da suka yi rauni, sai yoyo ya samu ƙofa.

Abin takaici, hukuma ma takan faɗa wannan rami. A tafkin Rani Pokhari na Kathmandu, babban birnin Nepal, an fara zuba kankare wajen gyara bayan girgizar, sai da mazauna birnin suka tashi tsaye aka koma bulo da laka.

Ban ce kowane tsohon gida lafiya yake ba. Wanda bangonsa ya tsage, a fitar da mutane, a kira magini wanda ya san aikin ya duba gindin kowane ginshiƙi tukuna.