Wane Turancin Kake Nufi? Amsa Daga Kamaru

Malam, ka ce ka haɗu da wani Bahaushen Yawunde a Kano, ya ce maka ya yi karatun Turanci har jami'a, amma da aka yi masa Ingilishi sai ya yi zuru. Bai yi maka ƙarya ba, kuma ba duhun kai ba ne kamar yadda ka ɗauka. Kalmar ce ta raba ku.

A wurinku Turanci harshe ɗaya ne, domin Bature iri ɗaya ya mulke ku. Mu uku muka gani. Jamus ta riƙe ƙasar nan har 1916, sannan Faransa da Ingila suka raba ta, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kudancin ɓangaren Ingila ya haɗe da Kamaru, arewacinsa ya bi Najeriya. Yau jihohinmu goma ne, takwas na Faransanci, biyu na Ingilishi. To a bakinmu Turanci ya koma asalinsa, wato harshen Turawa, ko wane iri ne. Ɗan Garwa ko Marwa in ya ce Turanci, galibi Faransanci yake nufi. Ɗan Abakwa, tsohuwar unguwar Hausawa a Bamenda, Ingilishi yake nufi. Mai son a fahimce shi sai ya ambaci sunan harshen ƙarara. Shi kansa Baturen, a arewacin ƙasar "Nasara" aka fi kiransa, ba tare da an tsaya tambayar addininsa ba.

Inda wannan ya fi cutarwa shi ne makaranta. Uba yana Kaduna ya aiko cewa a sa yaronsa "makarantar Turanci", dangi su kai shi lakwal, wato makarantar boko, ta Faransanci, ba a gane ba sai yaro ya yi nisa. Sakandare a tsarin biyu duk shekara 7 ce, amma matakan sun sha bamban. Na Ingilishi: shekara 5 a zana GCE O Level, a ƙara 2 a zana A Level, kuma hukumar jarrabawar tana Buea. Na Faransanci: shekara 4 a zana BEPC, a ƙara 2 a zana Probatoire, sai shekarar ƙarshe Baccalauréat. Wanda ya faɗi Probatoire ba ya wucewa ajin ƙarshe. Sauya wa yaro tsari a tsakiya yakan ci masa shekara, domin lissafin da ya sani ma da wani harshe ya san shi.

Sai buroka, wadda muke kira Pijin. Ku kuna ɗaukarta gurɓataccen Ingilishi. A Bamenda da Kumba ita ce harshen kasuwa da tasha, kuma mahauci zai shekara talatin yana ciniki da ita bai iya karanta takardar asibiti ba. Masu ita sun san bambancin, shi ya sa Ingilishin makaranta suke ce masa "grama".

Kalmar da ta fi nauyi ita ce "Anglofon". Ba ta nufin mai jin Ingilishi. Tana nufin ɗan asalin jihohin nan biyu, Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. Ɗan Duwala da ya yi digiri a Ingila ba Anglofon ba ne. Tsohuwar ƙauyen jihohin nan da ba ta taɓa shiga aji ba Anglofon ce. Tun rikicin da ya tashi a jihohin nan biyu a 2016, kalmar ta zama abin da ake auna mutum da shi a shingen jandarma. Bahaushen da aka haifi kakansa a Bamenda, ya yi GCE, a nan wasu suna ce masa baƙo, a Yawunde a ce masa Anglofon, ya zo Kano ku ce masa ɗan Faransa.

Wannan na ƙarshen yana mana ciwo, gaskiya. Kun ji "lakwal" da "kardante" (katin shaida) a bakinmu kun ce Hausarmu ta lalace, alhali "firamare" da "fasfo" da kuke faɗi ba daga Daura suka fito ba. Raɗin suna da Hausa muke yi, ɗaurin aure da wa'azi haka, ko da amaryar 'yar ƙabilar Bamum ce ko Bafulatana. In za ka aiko da takarda ko ɗalibi, rubuta "Ingilishi" ko "Faransanci", ka kuma faɗi garin da za a kai.