Alƙalamin inuwar fuska da kitso: me ya kamata a saya?

Tambaya: Ina zana fuskokin mutane da biro, amma inuwar kan fito kamar datti, kitso kuma ya zama baƙi ƙirin. An ce in sayi cikakken saitin Micron, wato alƙaluman zane masu siririn baki. Ya cancanci kuɗinsa? Ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Malam, bar saitin tukuna. Biyu sun ishe ka: Micron 005, mai bakin milimita 0.20, don fata, da 05, mai 0.45, don gashi da gira. Ragowar kuɗin ka zuba shi a takarda mai santsi da kauri irin Bristol, domin takardar fotokwafi mai giram 80 ba ta jure layi kan layi, sai ta kumbura ko tawada ta ɓullo ta baya.

Dattin nan ba laifin biro ba ne kaɗai. Yana zuwa ne idan layukan inuwa suka tafi ko'ina. Ja su gajeru, su bi lanƙwasar kunci da goshi. Inda kake son ƙarin duhu, kamar ƙarƙashin haɓa, gefen hanci da kwarmin ido, ɗora sahu na biyu a karkace. Kada ka gicciya su daidai, fuska za ta koma raga. A baƙar fata ma dole a bar farin takarda a karan hanci, tsakiyar goshi, ƙashin kunci da leɓen ƙasa. Yi wa wuraren alama da fensir tun farko, don tawada ba ta gogewa.

Kitso kuwa kada ka bi shi sili-sili. Ɗauki kowane ƙulli shi kaɗai: duhu a inda ya shige ƙarƙashin na kusa, haske a tsakiya. Tsagar kai ta fi gashin haske.

Biro irin Bic yana da nasa amfanin, yana ba da toka-toka idan ka sassauta hannu, abin da Micron ba ya yi sosai. Sai dai yana tara tawada a baki, ka riƙa goge shi a tsumma, kuma yana koɗewa a rana. Hoton da za ka sayar, yi shi da Micron.

Tambaya: Zan iya zuba tawadar Indiya, wato baƙar tawadar zane, a alƙalamin famfo, irin wanda ake ɗura wa tawada (fountain pen)? Wata mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: A'a, Malama. Yawancinta tana da ƙaro da ke daskarewa ya toshe alƙalamin. Ki nemi alƙalamin tsomawa ko siririn buroshi, ki wanke da zarar kin gama.