Baiko a coci, da gidan gajiyayyu na Winchester

Tambayoyi biyu ne a wannan mako, dukansu kan bayarwa.

Wata mai karatu daga Kano ta ce ta ji maƙwabciyarta Kirista tana cewa za ta kai baiko coci, ta rasa gane baikon wa za a yi, alhali 'ya'yan matar duk sun yi aure.

Malama, ba aure ake nufi ba. Baiko daga "ba" ya fito, tushe ɗaya da bayarwa da bai wa. In aka ce an yi wa yarinya baiko, iyayenta sun yi alkawarin ba da ita ke nan. A bakin Kiristoci masu ibada da Hausa kuwa, a Jos ko Kafanchan ko Wusasa, baiko shi ne abin da mutum ya jefa a kwano ko jaka ran Lahadi, gwargwadon ƙarfinsa. Daban yake da zakka, wadda a wurinsu kashi ɗaya ce cikin 10 na abin da aka samu. Ta Musulmi a kan kuɗi kashi ɗaya ce cikin 40, sai amfanin gonar damina da ake fitar wa ushiri. Daga baikon nan ikilisiya ke taimakon gwauraye da marayu.

Ta biyun daga wani ɗalibi ce da ke karatu a Ingila. Ya ziyarci tsohon gidan nan na St Cross a Winchester, yana tambaya ko daidai ne ya kira shi gidan mabarata.

Ban yarda ba, ɗan'uwa. Mabaraci shi ne mai yawon roƙo. Wanda tsufa ko ciwo ya kayar har ya kasa nema, gajiyayye ne, kuma domin irinsa aka gina gidan. Bishop Henry na Blois, ƙanen Sarki Stephen, shi ya kafa shi tsakanin 1132 da 1136, domin matalauta 13 da ba sa iya aiki su sami wurin kwana da ci da sutura, a kuma ciyar da wasu 100 kullum. A ƙarni na 15 Kadinal Beaufort ya ƙara sashe na biyu domin masu hali da arziki ya juya wa baya. Har yau mazauna gidan, wajen 25, ana bambanta su da riga: na asali baƙa da gicciyen azurfa, na Beaufort ja mai duhu. Cocin gidan kuma shi ne cocin mutanen unguwar.

Kada sunansa na Turanci, Hospital of St Cross, ya ruɗe ka. Yana ɗauke da kalmar da muka ara muka mayar "asibiti", amma a wancan zamani ma'anarta masaukin baƙi da marasa galihu. Ka ce gidan gajiyayyu. In kuma tsarin dukiyarsa kake so ka bayyana, wakafi ya fi kusa: an tsayar da gonaki da kadarori, ana cin amfaninsu, uwar dukiya tana nan. Sadaka ka miƙa ta wuce. Wakafi kan daɗe bayan mai shi, ga wannan ya doshi shekara 900.

Ka kuma tambayi "yaba kyauta tukwici". Tukwici shi ne ɗan abin da ake ba ɗan aiken da ya kawo kyauta, don mai ita ya san an ji daɗi. Mazauna St Cross ba su da abin mayarwa, sai dai ana sa ran ganinsu a addu'ar safe a cocin, kuma a ganina wannan ne tukwicinsu. Abin da ake ba baƙo a ƙofa kam sadaka ce tsantsa: duk matafiyin da ya roƙa ana miƙa masa gutsuren burodi da ɗan kofin giya, ba a tambayar daga ina yake. Kai dai ka karɓi burodin.