Tambaya da Amsa: Kajin da na karɓo daga gidan gona sun daina ƙwai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karɓo kaji huɗu daga wani babban gidan gona da ya gama da su, na zuba su a lambun bayan gidana domin in riƙa samun ƙwai. Sun zo wuya da ƙirji babu gashi, zankonsu ya koɗe ya kwanta gefe, kuma bayan kwana uku sai ƙwan ya ɗauke. Ciwo ne ke damunsu, ko kuwa sun gama ƙwai ke nan har abada?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da kika bayyana shi ne halin da irin waɗannan kaji suka saba zuwa da shi. Kazar gidan gona tana fara ƙwai tana da mako 18 zuwa 20, ta yi kusan ƙwai 300 a shekarar farko, sannan a fitar da ita wajen mako na 72, lokacin da ƙwanta ya ragu har ba ya biyan kuɗin abincinta a lissafin ɗan kasuwa. Ƙwai uku ko huɗu a mako asara ne a wurinsa, amma a gida sun isa abin godiya.

Ɗaukewar ƙwan tana da dalili biyu: firgicin canjin wuri, da kuma sabon gashin da jikinsu ya fara fitarwa, wanda yake cinye furotin ɗin da ya kamata ya tafi ga ƙwai. Ki duba fatar wuyansu nan da 'yan makonni, za ki ga tsinken gashi yana tsirowa kamar allurai, zankon kuma ya fara ja yana miƙewa. Daga nan ne za ki sa ran ƙwai.

Ki ci gaba da ba su abincin kaji masu ƙwai wanda suka saba da shi, kimanin giram 120 ga kowace kaza a rana, da ruwa mai tsabta, kada ki mai da su kan tsaba da ragowar abinci kawai. Kowane ɓawon ƙwai yana ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, idan kuma abinci bai wadatar ba, daga ƙashinta kaza take cirowa, shi ya sa ƙasusuwansu suke da saurin karyewa. Saboda haka ki ɗauke su da hannu biyu, ki saukar da sandar kwanansu kusa da ƙasa. Wadda ta girma a keji ba ta san shiga akurki da magariba ba, sai kin riƙa kai ta da hannunki na 'yan kwanaki kafin ta gane.

Wasu za su ce ki kunna musu fitila da dare, tunda kaza tana buƙatar hasken awa 14 zuwa 16 kafin ta riƙa ƙwai a kai a kai. Ni dai ban ba ki wannan shawara ba, domin jikin da aka tatsa fiye da shekara guda hutu yake nema. Zakara ma ba a buƙatarsa don ƙwan ci. Amma idan kika ga wata ta takure, cikinta ya kumbura, tana tafiya a miƙe, ƙirji a sama jela a ƙasa, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar, domin ciwon hanyar ƙwai ya fi kama irinsu.